Damben da Ake Yi da Riga

Sunana Iro, kuma ni na raɗa wa kaina. Wanda aka raɗa mini ranar suna, a wani ƙauye tsakanin Batsari da Safana, na mace ne, don jikin da na zo da shi na mace ne sak. Mutane in sun ji irin wannan sai su ce mata-maza. Ba haka ba ne. Jikin ya ce mace, ni kuwa tun da na yi wayo na san namiji ne ni, ban taɓa wayar gari na ji daban ba. A lokacin ban iya bayaninsa ba, yanzu ma ban fi wancan lokacin iyawa ba.

Abin da na iya shi ne naushi. In kaka ta yi aka zuba gero a rumbu, 'yan dambe kan sauka a Karare, wani gari kusa da mu, kalangu ya tashi tun la'asar. Nakan laɓe bayan danga in yi kallo, in koma gida in naɗe hannu da tsumma in yi ta dukan buhun dawar Baba. Ranar da buhun ya fashe, ɓera aka ɗora wa laifi. Amma ɗan dambe sai ya tuɓe riga yake shiga fili, wannan kaɗai ya isa ya rufe mini ƙofar.

Ba zan tsaya kan yadda na fito ba. Shekarar da 'yan bindiga suka tashe mu muka koma Safana wurin ƙanwar Inna, kowa ta kansa yake yi, babu mai lura da 'ya'yan wani. Abu ɗaya zan faɗa. Inna ta same ni na aske kai, na sa rigar marigayi yayana, ina kokawar ɗaure ƙirji da tsohon zane. Sai ta buɗe kwallarta ta ɗauko majanyin da ta goye ni da shi, saƙi mai ƙarfi, ta miƙo mini.

"Tsumma na yanka fata," ta ce. "A ɗaure da wanga."

Da shi na riƙa ɗaure ƙirjina tun daga ranar.

Tsoro ya tarye ni tun a bakin iyaka, kafin mu kai Maraɗi. Jandarmomi, jami'an tsaron can, suka sauke mu daga mota, mata gefe guda, maza gefe guda. Na bi maza. Suna bi ɗaya bayan ɗaya suna lalube. Da aka zo kaina, hannun jandarman ya bi aljihuna, ya hau sama, ya tsaya a ƙirjina inda ya ji tauri.

"Mi ne nan?"

Wani tsoho da ke kusa da ni, mai buhun barkono, wanda tun da muka taso bai ce mini uffan ba, shi ya amsa.

"Yallaɓai, yaron Batsari ne fa. Can yanzu kowa da maganin bindigarsa a jiki. Ni dai ba ni taɓa kayan mutane."

Jandarman ya janye hannu da sauri ya goge a wandonsa. Ban sani ba ko tsohon ya gaskata abin da ya faɗa, ko kuwa tsorona ya gani ya tausaya. A Maraɗi ya sauka da buhunsa, ko sunansa ban tambaya ba.

Na so in zauna a Maraɗi, don garin kamar gida ne, Hausarsu kusan tamu ce, furarsu ma haka. Wannan ɗin ne ya kore ni. Mutanenmu da suka gudo sun cika garin. Wata rana ina dako a kasuwa na ji muryar wata mata tana ciniki, na gane ta tun kafin in waiwaya, maƙwabciyarmu ce da ta sha yi mini kitso. Zuciyata ta ce in ruga in tambaye ta Inna. Ƙafata ta ce a'a. Na ajiye kayan mutane a gindin rumfa na bi lungu, ina tafe ina kuka kamar wanda aka mara. Babu abin da nake kewa kamar muryar gida, ita ce kuma na fi tsoro. Washegari na hau motar yamma.

A Birnin Ƙonni aka yi mini wayo, kuma ɗan gida ne ya yi. Ya ji Hausata a tasha ya ce shi ma mutumin Katsina ne, ya kira sunayen garuruwanmu har da Darini, ya saya mini shayi. Ya ce akwai aikin loda albasa, in ba shi jakata ya ajiye a shagon ɗan'uwansa, shi zai je ya kira mai motar. Na zauna a benci ina jira har inuwa ta juya. Mai shayin ne ya gaji da ganina ya ce, "Samari, wancan jiya ɗan Sakkwato ne, shekaranjiya ɗan Zamfara." Waya ta tafi, kayan sawa sun tafi. Na shafa ƙirjina na ji majanyin yana nan, na yi hamdala.

Na zauna a tashar ina dako. A nan na ga abin da ya bi ni har Yamai.

Akwai wani ɗan dako da muke kira Dogo, babu wanda ya san garinsu. Zazzaɓi ya kwantar da shi a ƙarƙashin wata matacciyar mota, da hantsi aka tarar ya cika. Mutanen tasha mutanen kirki ne, ba su bar shi ba. Aka kewaye wuri da zana, aka samo likkafani, wani dattijo ya naɗe hannun riga zai yi masa wanka. Ya duba ya ga ni a tsaye.

"Kai yaro, zo ka riƙe buta. Lada ce."

Na shiga. Na ga yadda aka yanke rigar Dogo da reza, aka rufe al'aurarsa da ƙyalle, aka bi jikinsa a hankali. Ina zuba ruwa ina ɓarar da rabi a ƙasa har dattijon ya ce in yi salati, kowa da ranarsa. Ya zaci gawar nake tsoro. Abin da ke raina daban ne. Dogo baƙo ne, ba a san sunansa na yanka ba, amma da aka buɗe shi an san yadda za a yi da shi. Ni fa? Na ga rezar tana yanka majanyin Inna. Na ga dattijon ya yi salati ya ja da baya, an fita ana kiran mutane su zo su ga abin al'ajabi. Maza su ce ba tasu ba ce, mata su ce ba su san ta ba, ni kuwa ina kwance a buɗe, babu bakin magana. Wa zai tsaya ya yi mini salla?

Daga ranar na daina tsoron mutuwa irin na kowa. Wankan nake tsoro. In mota ta yi tangal-tangal a hanya, mutane suna salati don ransu, ni ina roƙon Allah in zai ɗauke ni ya ɗauke ni inda ba za a tsinci gawata ba.

Na wuce Dogonduci da Doso a bayan motar albasa, na isa Yamai ina warin da ko ƙuda bai so. Gari ne babba, rabin maganar Zabarmanci, rabi Faransanci, Hausa tana tsakani. Na sami masu wanki a bakin kogi, amma duk a tuɓe suke aiki, ruwa har gwiwa. Sai na ce ni guga na iya. Ban iya ba, na ƙona rigar mutum biyu kafin hannuna ya faɗa. Mai shagon da ya ɗauke ni gugar ya ba ni wurin kwana tare da sauran ma'aikata. In zafi ya tsananta kowa ya yar da riga, ni ina cikin tawa ina tsiyayar gumi. Suka sa mini Mai Riga. Na ce musu ƙuna ce a jikina tun ina ƙarami, ba na son a gani. Gemu kuwa babu, murya siririya, sai suka ɗauke ni ɗan yaro, alhali na girmi wasunsu. Na bar su a haka. Wani abu da ya taimake ni, mazan ƙasarmu a tsugune suke fitsari, gidan wanka kuma kowa da ƙofarsa.

Wata rana wani mutum ya zo a babur da ƙullin kaya, gajere, mai furfura a gemu, wuyansa kamar turmi. Na kwance ƙullin na ga fararen riguna masu kauri da wanduna, da wasu dogayen ɗamaru masu launi.

"Baba, waɗannan na wane aiki ne?"

"Na hwaɗa ne," ya ce. Hausar Maraɗi ce a bakinsa.

"Faɗa? Da riga?"

"Da riga, da sulke bisa rigar, da kwalkwali. Mu ba mahauta ba ne da za mu shiga tsirara." Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai ɗan ina ne?"

Na ce Batsari, kafin in tuna ban cika faɗa ba.

"Ashe na gida ne. In ka gama gugar ka kawo mini da kanka, ka gani da idonka."

Sunansa Garba, amma kowa Metir yake ce masa, wato malamin wasa. Wasan kuwa tekwando. A farfajiyar wata makaranta yake koyarwa bayan la'asar, in yara sun tashi. Na tsaya a ƙofa da ƙullin kaya a ka ina kallon samari suna ɗaura wa juna sulke, wani abu mai kauri da ke rufe ƙirji da ciki, ana ɗaure shi ta baya. Tun da nake ban taɓa jin faɗan da ake ƙara tufafi kafin a shiga ba. Na ji kamar don ni aka ƙirƙiro shi.

Metir ya ce guga ce kuɗin makarantata. Naushin da nake taƙama da shi bai amfane ni da komai ba, don a wannan wasa ƙafa ce sarauniya. Watannin farko kullum ina ƙasa. Cinyoyina suka yi tsami har tsugunno ya gagare ni. Ga majanyi ya matse ni, in mun yi gudu sai in ga duhu-duhu, in jingina da bango in ce ciwon ciki ne. Amma ƙafata mai sauri ce, kuma na saba da duka. Sannu a hankali na fara taɓa kan mutanen da suka fi ni tsawo. Ranar da Metir ya ɗaura mini ɗamarar farko mai launi, na shiga gidan wanka na rufe ƙofa na yi kuka, ina cewa da ma Inna ta gani.

Farin wando shi ne abokin gabata. Jikin nan bai san sunana Iro ba, in wata ya zagayo sai ya yi abin da ya saba. Kwanakin nan ba na zuwa wasa, in ce aiki ya yi yawa a shago. Masallaci ma in yi ta kewaye-kewaye, a ce a tashi salla in ce na yi a can, don mutane ana iya yi musu dabara, Allah kuwa ba a yi masa. Sau ɗaya abin ya zo mini ba shiri muna tsakiyar motsa jiki. Na ɗaura rigar sama a ƙugu, ta ciki tana jikina, na fice da gudu, na ce kunama ce ta harbe ni. Na kwana biyu ban leƙo ba, ina jiran a aiko a kama ni. Da na koma babu wanda ya ce komai, Metir ya ce in shiga layi.

A cikinmu akwai Mamman, ɗan ƙanwar Metir, tsarana a jiki, mai barkwanci da tsokana. Ba mugu ba ne, bakinsa ne dai ba ya hutawa. Shi ya kawo mini labarin gasa. Ƙungiyoyin unguwanni za su haɗu, kowace ƙungiya ta kawo mutum ɗaya a kowane aji, aji kuwa da nauyi ake raba shi. Ni da Mamman duk 'yan ajin marasa nauyi ne, kuma kowa ya san na fara fin shi.

"Ranar awo dai za mu huta," in ji Mamman yana dariya. "Za mu ga ƙunar nan da Mai Riga ke ɓoyo."

"Wane awo?"

"Sikeli mana. Kowa daga shi sai gajeren wando. Kai da nauyinka yake bakin layin ajinmu, ko hula aka bar maka sai ka haura."

Na yi dariya tare da su. Ashe wasan da ake yi da riga, a ƙofarsa ake tuɓewa. Na yi tunanin in gudu, in bar garin kamar yadda na bar Maraɗi. Amma ina? Kuma a karon farko a rayuwata ina da wurin da in ban zo ba ake tambaya. Sai na yanke wata shawara ta wauta. Na ce zan rame, in yi ƙasa da layin sosai, yadda ko da kaya na hau sikeli ba zan haura ba. Na daina cin tuwo. Shayi da safe, ruwa da rana. Sauran ma duk suna rage ci, wasu suna gudu cikin leda don su yi gumi, saboda haka babu wanda ya ga baƙon abu. Har ranar da na ɗaga ƙafa zan yi bugu na ji ƙasa ta taso ta same ni.

Metir ya sa aka yayyafa mini ruwa. Da na farfaɗo hannuna yana kan wuyan rigata, na riƙe gam. Ya tsuguna yana kallona, sannan ya miƙe ya yi magana kowa na ji.

"Mamman zai shiga ajin marasa nauyi. Iro ya hau na gaba."

Ajin gaba na ƙarti ne, mutanen da cinyarsu ta kai ƙuguna.

"Daga yau gidana za ka riƙa ci," ya ce. "Rana da maraice."

Haka aka yi. Matarsa Hajiya Mariyama ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti, mace mai jiki da faɗa. Takan ajiye mini tuwo da miyar kuka, da fura mai nono, wani lokaci har da ƙashin rago, ta tsaya a kaina sai na share kwano. 'Yan'uwana suna yunwa ni ana yi mini kiwo kamar ragon layya. Abin ya ci mini rai. A ganina an sayar da ni ne don a gyara wa ɗan gida hanya, ga shi kuma tuɓewar tana nan tana jirana. Wata rana na kasa haƙuri.

"Metir, don Mamman ɗanka ne, ni kuwa ba ni da kowa?"

Bai ko ɗago ba. "Ci tuwonka," ya ce.

Ranar awo da safe na fi sau nawa ina juyawa a hanya. Abin da ya kai ni wurin shi ne Metir ya biyo ta shago ya ɗauke ni a babur. Wani dogon ɗaki ne, maza sun yi layi kowa daga shi sai gajeren wando, haƙarƙari a waje, wasu suna tofar da yawu a gwangwani don su rage ko ɗan yaya ne. Ni kaɗai ne da kaya. Ina jin idanu a bayana. Na duba ƙofa na ga mutane sun cika ta, ko na so gudu babu hanya. Majanyin ya jiƙe sharkaf.

Aka kira Iro. Mai awon, wani mai tabarau, ya nuna rigata da biro ya yi magana da Faransanci. Ba sai an fassara mini ba.

Metir ya matso a hankali, hannu a aljihu. "Don mi zai tuɓe? Masu neman ragi ka tuɓewa. Wanga ko buhun shinkafa ka aza mai bai kai layin sama ba. Dubi mutanen da ke jiranka, malam."

Mai tabarau ya dubi layin, ya dube ni, ya yi tsaki ya nuna sikeli. Na hau. Tuwon Hajiya ya tsallakar da ni layin ƙasa da tazara, layin sama kuwa yana can nesa. Ya rubuta, ya kira na gaba. Na sauko da rigata a jikina.

A bakin ƙofa na tsaya. A nan na gane tuwon. Na dubi Metir, shi kuwa yana can yana yi wa Mamman faɗa a kan wandonsa. Wani sabon tsoro ya kama ni, wanda ya fi na ɗazu. In dai da gangan ya yi, to ya sani. Tun yaushe? Me yake jira?

Da wannan a raina na shiga fili bayan azahar. Abokin karawata dogo ne baƙi, an ce soja ne. Da muka sunkuya wa juna na ga inuwarsa ta rufe tawa. Turmin farko gudu na yi ta yi, yana kawo ƙafa ina zillewa, iskar bugunsa tana wuce kunnena. Mutane suka fara dariya. Sai ya saki jiki, ya sauke hannu yana wasa da ni. Ban san lokacin da ƙafata ta tashi ba, sai dai na ji ta sauka a kwalkwalinsa, tas. Ɗakin ya ɗauka. Na ji muryar Mamman ta fi ta kowa, "Mai Riga! Mai Riga!" Wallahi a wannan ɗan lokacin na ji kalangun Karare a kunnena. Ina cikin fili, ba bayan danga ba, kuma ni ake yi wa ihu.

Daɗin bai daɗe ba. A turmi na biyu ya daina wasa. Ya juya ya kawo bugun baya da dukan nauyinsa, ya same ni a gefen haƙarƙari. Na ji wani abu ya ce ƙas. Na nemi numfashi, majanyi ya hana, sulke ya hana. Na faɗi.

Ina jin komai amma ba na iya motsi. Aka kwance sulken. Wani mai jakar magani ya durƙusa a kaina, ya taɓa gefena ya ji ɗaurin, ya ce wannan ne ya hana shi numfashi. Ya ciro almakashi. Na ga fuskoki sun kewaye ni, kai a kan kai, har da masu ɗaga waya. Na so in ce a bari, iska ba ta fito ba. Na tuna zanar tashar Ƙonni da rezar dattijon nan. Ashe ma ba sai na mutu ba.

Bakin almakashin ya taɓa wuyan rigata, sai wani hannu ya riƙe hannun mai maganin.

"Ɗana ne," in ji Metir. "Uwarsa ma'aikaciyar likita ce, ita za ta duba shi."

Mutumin ya fara gardama. Metir bai saurare shi ba. Ya cire babbar rigarsa ya lulluɓe ni, ya ɗauke ni cak kamar buhun gero, ya ratsa mutane. A cikin tasi ya zura hannu ta bayan rigata, fuskarsa tana kallon taga, ya lalubo ƙullin majanyin ya sassauta. Iska ta shiga da zafi kamar barkono.

Da muka isa gida Hajiya ta kore kowa ta sa sakata. Ta ce in ɗaga hannu. Na riƙe rigata ina girgiza kai, hawaye yana zuba.

"Kai, ni ka ke ma kunya? Abin da ban gani ba a duniyar nan kaɗan ne. Ɗaga."

Ta warware majanyin a hankali. Tun da na baro Safana babu idon da ya ga jikina. Na rufe ido ina jiran salati. Sai na ji yatsunta suna bin haƙarƙarina, tana cewa nan, nan fa? Ta ce tsagewa ce, ba karaya ba, zan warke in na zauna wuri ɗaya. Sannan ta ɗaga majanyin tana dubawa.

"Saƙar gida ce. Wa ya ba ka?"

"Inna."

"To, uwarka ta sani. Na zama ta biyu." Ta ninke shi ta ajiye a gefena. "Amma ka matse da yawa, za ka kashe kanka a banza. Zan ɗinka maka wani abu da ya fi wanga sauƙi. Shi kuma ka adana."

"Hajiya, tun yaushe Metir ya sani?"

"Tun ranar kunama. Mutumin da ke da ɗiya mata uku ya iya lissafin wata, ba sai an koya mai ba."

Daga bayan ƙofa Metir ya yi gyaran murya.

"Iro."

"Na'am, Metir."

"Ban tambaye ka komi ba, kai ma kada ka gaya mini komi. Abin da ke tsakaninka da Ubangijinka ya fi ƙarfin karatuna. Abin da na sani, ka sauke hannun hagu, shi ya sa ya same ka. In ka warke za mu gyara."

Na ji takunsa ya yi nisa. Na so in yi dariya, haƙarƙari ya hana. Hajiya ta rufa mini zane, ta ajiye mini fura, ta miƙe za ta fita. Ban shirya ba, maganar da na ɗauko tun daga Ƙonni ta fito da kanta. Na ba ta labarin Dogo, da butar, da rezar. Na ce, "Hajiya, in na mutu a garin nan, wa zai wanke ni?"

Ta dawo ta zauna a bakin gado. Ba ta ce in daina zancen mutuwa ba, kamar yadda ake yi wa mara lafiya.

"In ka riga ni, ni zan wanke ka. Ni kaɗai, ƙofa a rufe kamar yanzu. In sa ka a likkafani in ɗaure da hannuna. Sannan in buɗe in ce wa maza su shigo su ɗauki ɗan'uwansu. Wancan mai taurin kan kuma ya tsaya a sahun gaba."

"In kin riga ni fa?"

"Ɗiyata ta fari tana da hankali, zan bar mata wasiyya. Kai dai sha furarka."

Har yanzu ina Yamai, ina guga, ina wasa a ajin ƙarti, ana kada ni fiye da yadda nake kayarwa. Ban koma Safana ba, ban san ranar da zan iya ba. Ina tsoron jandarma, ina tsoron farin wando, ina tsoron muryar gida a kasuwa. Amma kwanakin baya wata mota ta taso mini a kan gada, na yi tsalle na faɗa gefe, na ji bakina yana salati. Sai da na miƙe ina kakkaɓe wando na lura ban tuna da wankan ba ko kaɗan. Raina na ji wa tsoro, kamar kowa.